Michael Jackson: Kundin Ƙarshe Da Ya Iso Kasuwa Ta Fara Watsewa

Idan kana yawo a X ko Facebook, babu shakka ka taɓa cin karo da hoton nan mai motsi: wani saurayi cikin jar jaket, zaune a silima, yana watsa gugguru a baki yana murmushin jin daɗi. Da zarar faɗa ya kaure a ƙarƙashin rubutun wani, sai ka ga an liƙa shi, ma'ana ni dai kallo ya kawo ni. Da yawa daga masu tura shi ba a ma haife su ba lokacin da aka ɗauke shi. Michael Jackson ne a bidiyon waƙar Thriller na 1983, yana ɗan shekara 25.

Abin dariyar, shi kansa mai cin guggurun har yau faɗa ake yi a kansa. Ya rasu tun 2009, amma masoyansa ba su gama musu ba kan kundin waƙoƙi na ƙarshe da ya fitar da ransa, wato Invincible na 2001. Wani ɓangare na cewa nan ne tauraronsa ya dusashe, ya tsufa, ya bi yayin yara bai kamo su ba. Ɗaya ɓangaren kuwa, irin waɗanda ba ka isa ka taɓa musu gwani ba, sun rantse sun maya cewa kundin zinare ne, kamfanin Sony ne ya yi masa zagon ƙasa. A ganina duk sun saki reshe sun kama ganye. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne kalanda: wace irin shekara ce 2001, kuma me ke faruwa da sana'ar waƙa a lokacin? Amma kafin mu je nan, sai ka san mutumin tukuna.

An haife shi ranar 29 ga Agusta 1958 a Gary, wani garin masana'antar ƙarfe a jihar Indiyana ta Amurka. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya goma, ɗaya ya rasu tun yana jariri. Gidan nasu ɗaki biyu ne kacal, a nan duk aka cushe. Mahaifinsa Joseph ma'aikacin kamfanin ƙarfe ne da ya taɓa gwada kiɗan jita bai kai ko'ina ba, mahaifiyarsa Katherine kuma mabiyiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah ce. Da Joseph ya lura 'ya'yansa maza na da murya, sai ya mayar da gidan filin atisaye, shi kuma ya zauna yana gadi da bel a hannu. Michael da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa duk wanda ya kuskure taku jikinsa ne zai gaya masa, kuma akwai lokacin da ganin uban kawai kan tayar masa da zuciya. Shi ma uban bai musanta cewa ya yi amfani da bulala ba.

Daga wannan horon aka samu ƙungiyar Jackson 5: Jackie da Tito da Jermaine da Marlon, sai autansu a ƙungiyar, Michael, wanda shi ke jan baki. Kamfanin Motown na Berry Gordy, kamfanin baƙar fata mafi tashe a Amurka a lokacin, ya ɗauke su, kuma waƙoƙinsu huɗu na farko duk sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a cikin 1970. Ka yi lissafi da kanka. Shekararsa 11. Lokacin da kai kake fama da jarabawar fita firamare, shi gida guda yake ciyarwa, kuma ba ya iya leƙa titi sai da masu gadi. Duk sanda na ga iyaye suna tura ɗan shekara shida gaban kyamara don tara mabiya a TikTok, wannan yaron nake tunawa.

A 1975 suka bar Motown suka koma Epic, wani reshe na kamfanin CBS. Ka riƙe wannan, domin a 1988 kamfanin Sony na Japan ya saye sashen waƙa na CBS ɗungurungum, ta haka Michael ya zama mawaƙin Sony ba tare da ya motsa daga inda yake ba. A wurin ɗaukar fim ɗin The Wiz na 1978 ya shaƙu da furodusa Quincy Jones, suka yi Off the Wall a 1979, sannan Thriller a ƙarshen Nuwamba 1982.

To a nan ne nake so ka ajiye wayarka a zuci, ka shiga wata duniya. Duniyar da babu wanda ke zaɓar abin da zai kalla a lokacin da ya ga dama. Akwatin talabijin ɗaya ne a falo, tashoshi 'yan kaɗan, abin da aka saka shi kowa zai gani, in ya wuce ka kuwa ya wuce ka sai dai ka ji labari gobe a makaranta. Tashar MTV, mai nuna bidiyon waƙoƙi dare da rana, ta fara aiki a 1981, kuma da farko ba kasafai take saka baƙaƙen fata ba. Bidiyon Billie Jean na cikin waɗanda suka fasa wannan ƙofa. A watan Mayu 1983 aka nuna bikin cikar Motown shekara 25 a talabijin, mutum kusan miliyan 47 suna kallo, Michael ya fito da safar hannu ɗaya mai ƙyalli ya yi rawar nan da ake kira tafiyar wata, wadda za ka ga mutum kamar gaba yake takawa amma baya yake zamewa. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, a wurin 'yan rawar titi ta fito, kuma Jeffrey Daniel na ƙungiyar Shalamar ya riga shi yin ta a talabijin ɗin Ingila. Wannan Jeffrey ɗin shi ne daga baya ya zo ya yi alƙalanci a gasar Nigerian Idol. Amma Michael ne ya yi ta a daren da rabin gari ke kallon abu ɗaya, shi ya sa ta zama tasa.

Daga nan ya gane sirrin. Bidiyon Thriller ya kusa minti 14, da darakta na gaske, John Landis, da labari da kwalliyar fatalwa, tamkar ƙaramin fim. Kundin ya yi mako 37 a matsayi na ɗaya a Amurka. A dare ɗaya cikin Fabrairu 1984 Michael ya kwashe kambun Grammy takwas. Ƙiyasin da aka fi yawan ambata shi ne an sayar da kwafi kusan miliyan 70 a duniya, kuma har yau babu kundin da ya kamo shi. A Nuwamba 1991 da zai fitar da bidiyon Black or White, ƙasashe 27 ne suka nuna shi a lokaci guda. Hirarsa da Oprah Winfrey a 1993 ta tara masu kallo kusan miliyan 90. Ka ga salon ke nan: ya ɓace na shekaru, ya kashe kuɗi kamar ba ya so, sannan ya fito rana ɗaya ya sa duniya ta tsaya cak ta kalle shi. Wannan salon yana buƙatar abu biyu, babban kamfani mai aljihu da kuma jama'ar da ke kallon akwati ɗaya. Duka biyun suna nan daram a shekarun 1980.

Abubuwa biyu sun faru a tsakiyar wannan tashe da suka bi shi har kabari. Na farko, a Janairu 1984, wurin ɗaukar tallar Pepsi a Los Angeles, tartsatsin wuta ya kama gashinsa ya ƙone masa fatar kai. Aikin da aka yi ta yi masa a kan ya haɗa shi da magungunan kashe zafi, kuma a 1993 shi da kansa ya sanar cewa sun zame masa jaraba, har ya katse rangadin da yake yi don neman magani. Na biyu kuwa harkar kasuwanci ce. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ne ya nuna masa cewa kuɗin gaske na hannun mai haƙƙin mallakar waƙa, wanda ake biya duk sanda aka saka ta a rediyo ko fim ko talla. Michael ya ji, ya riƙe. A 1985 ya sayi kamfanin ATV kan dala miliyan 47.5, a ciki har da haƙƙin mafi yawan waƙoƙin Beatles ɗin. Wato wanda ya koya maka farauta, ka harbo barewar da ya daɗe yana hari. Abotarsu ba ta koma daidai ba. A 1995 ya haɗe ATV da sashen Sony, aka samu Sony/ATV, rabi nasa rabi nasu. Ka riƙe wannan ma.

A shekarar 1985 ɗin ce kuma shi da Lionel Richie suka rubuta We Are the World don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Bad ya fito a 1987, Dangerous a 1991, kowanne ya sayu da miliyoyi masu yawa. A 1992 ya zo Afirka, ya je Gabon da Tanzaniya da Kwaddibuwa, inda aka yi masa naɗin sarauta a ƙauyen Krindjabo.

Bari in taɓo zancen fata, tunda na san shi ne farkon abin da za a rubuto. A wajenmu an riga an yanke hukunci: bilicin ya yi don ya tsani baƙar fata. Shi ya ce yana da bitiligo, ciwon da ke kashe launin fata ya bar dabbare-dabbare, mutane suka yi masa dariya. Binciken gawarsa a 2009 ya tabbatar yana da ciwon. Gyaran hanci kuwa ya yi, shi ma ya amsa, kodayake fuskar ta nuna aikin ya fi abin da ya amsa yawa.

Sai babban tabon. A 1993 aka zarge shi da lalata da wani yaro ɗan shekara 13. Ya musanta. A Janairu 1994 aka sasanta ƙarar diyya da kuɗi masu yawa ba tare da ya amsa laifi ba, kuma hukuma ba ta gurfanar da shi ba a wancan karon. Amma daga ranar, musamman a Amurka, kallon da ake yi masa ya canza. Ya auri Lisa Marie Presley a 1994, suka rabu a 1996, ya auri Debbie Rowe wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu. Kundin HIStory na 1995 cike yake da fushi da 'yan jarida.

Yanzu mun iso Invincible.

Tun 1997 aka fara aikinsa, ba a gama ba sai 2001. Rahotanni sun ce ya ci kusan dala miliyan 30, abin da ya sa ake kiransa kundi mafi tsada da aka taɓa yi. Ya tara manyan furodusoshi: Rodney Jerkins, wanda a lokacin bai wuce shekara 24 ba kuma shi ke tashe, da Teddy Riley da Babyface. Carlos Santana ya kaɗa jita a waƙa ɗaya, an kuma ɗora muryar marigayi Notorious B.I.G. a waƙar farko. Waƙa 16, minti 77. Tsohon salon nan dai ya sake ɗaukowa, a ɓace, a kashe kuɗi, a fito a girgiza duniya.

Sai dai cikin shekaru huɗun da ya yi a sutudiyo, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa. A tsakiyar 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning, ɗan shekara 18, ya fito da wata manhaja mai suna Napster. Aikinta mai sauƙi ne: duk waƙar da ke kan kwamfutarka, wani a wata ƙasa zai iya jawo ta zuwa tasa, kai ma ka jawo tasa, kyauta. Intanet ɗin lokacin ta layin wayar gida take bi, da ƙara kamar ana yanka ƙarfe kafin ta haɗu, waƙa ɗaya sai ta ɗauki mintuna masu yawa kafin ta sauka, in wani ya ɗaga waya a falo komai ya tsinke. Duk da haka mutane miliyoyi suka ruɗe a kanta. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara, kotu ta matsa, Napster ta rufe a Yuli 2001. Kafin a ce kwabo Kazaa da LimeWire sun maye gurbinta. Matasa sun riga sun ɗanɗana abu biyu: waƙa kyauta, da kuma ɗaukar waƙa ɗaya da kake so ka bar sauran, maimakon sayen faifai guda saboda waƙa biyu.

Ga kwanakin da nake so ka jera. Ranar 23 ga Oktoba 2001 kamfanin Apple ya nuna wa duniya iPod, 'yar na'urar da ke ɗaukar waƙa dubu a aljihu. Ranar 30 ga Oktoba, mako ɗaya cif, Invincible ya fito. A nan gida kuwa, a watan Agustan wannan shekarar ce wayar GSM ta fara aiki a Najeriya, layi ya fi ƙarfin talaka, waƙa kuma a kaset ake jin ta. Babu YouTube sai 2005, babu Facebook sai 2004. Wato tsohuwar hanya ta fara rubewa, sabuwar kuma ba a gama gina ta ba. A wannan tsakanin mutumin ya fito da kaya mafi tsada a tarihin sana'ar.

Kuma alamu sun nuna tun kafin fitowar. Waƙar farko, You Rock My World, ta zurare zuwa gidajen rediyon New York tun kafin ranar da aka tsara, abin da ya rusa shirin nan na sa kowa ya ji a lokaci guda. Sai ga wani abin da babu wanda ya shirya masa. An yi bikin cikarsa shekara 30 da fara waƙa shi kaɗai a zauren Madison Square Garden ranakun 7 da 10 ga Satumba. Washegarin dare na biyu, a garin da aka yi bikin, jirage suka daki tagwayen benaye. Amurka ta shiga makoki da shirin yaƙi, babu mai ta kan rawa. A cikin Oktoba ya zauna ya amsa tambayoyin masoya kai tsaye ta intanet, ka ga dai ya leƙa sabuwar duniyar, amma leƙe ne kawai.

To shin kundin ya faɗi? Ya danganta da ma'aunin da ka ɗauko. Ya buɗe a matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe. A makon farko an sayar da sama da kwafi 360,000 a Amurka, a duniya kuma ƙiyasi ya haura miliyan takwas. Mawaƙi nawa ne yau zai ga rabin wannan bai yanka rago ba? Amma gaskiya ɗaya ce, kuma masoya ba sa son jin ta: a watan Yulin shekarar, 'yan samarin NSYNC sun sayar da kusan miliyan 1.9 a makonsu na farko. Ke nan faifai bai mutu ba tukuna, ba za a ɗora wa intanet laifin duka ba. Yaran Amurka sun sami sababbin gwanaye, shi kuma yana da shekara 43 da tabon 1993 a bayansa.

Ɓangaren masu zargin Sony ma suna da abin riƙewa. Dangantaka ta yi tsami, Michael ya nuna yana son barin kamfanin, bai kuma yi rangadin tallata kundin ba. Bayan 'yan watanni talla ta tsaya cak. A tsakiyar 2002 ya fito fili, ya shiga zanga-zangar masoyansa a Landan, sannan a New York ya hau buɗaɗɗiyar bas yana ɗaga hoton shugaban Sony Music, Tommy Mottola, an zana masa ƙaho, ya kuma zarge shi da wariyar launin fata. Masoya sun yi imani cewa so ake kundin ya faɗi, bashi ya shaƙe shi, ya sayar da rabinsa na Sony/ATV. Sony ta musanta, ta ce ta zuba kuɗi masu yawa a talla. Ba a taɓa tabbatar da wannan zargi ba, amma ka ga inda ya samo tushe: abokin kasuwancinka shi ne kuma mai riƙe da makullin tallarka.

Ni ga nawa hukuncin a kan kiɗan kansa, ka yarda ko ka ƙi. Kundin ya yi tsawo. Thriller waƙa tara ce, minti 42, babu ta yarwa. Invincible an cika shi ne don faifan CD na ɗaukar kusan minti 80, kuma a lokacin gani ake in ba ka cika ba ka cuci mai saye. Waƙoƙi ukun farko kiɗan inji ne mai tauri, kamar mutum na ƙoƙarin nuna wa yara cewa har yanzu da sauransa. Inda ya saki jiki ya yi waƙa a hankali, nan ne za ka ji abin da ya sa ake kiransa sarki. Butterflies ta kai matsayi na 14 a Billboard ba tare da ko bidiyo ba, rediyo kawai. Ka saurari ta da Break of Dawn da Whatever Happens, ka ji yadda murya ke hawa da sauka babu ƙoƙari. Da an zaɓi goma an bar shida, da musun nan bai kai haka ba.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ɗabi'ar da ta cutar da kundin a 2001 ita ce ta farfaɗo da shi daga baya. Mai saye a wancan lokacin dole ya haɗiye minti 77 gaba ɗaya, ya gaji, ya ce kundin ba daɗi. Kai kuwa yau a Spotify ko Audiomack kana tsintar huɗun da suka yi maka ka zuba a jerinka, sauran ko sunansu ba ka sani ba. Shi ya sa idan ɗan shekara 20 da ɗan shekara 45 suna musu a kan Invincible, ba abu ɗaya suka saurara ba.

Bayan nan rayuwar ta yi ta gangara. A Nuwamba 2002 ya leƙo da jaririnsa ta barandar otal a Jamus, duniya ta yi masa ca. A Fabrairu 2003 aka nuna shirin ɗan jarida Martin Bashir, inda ya kare kwana ɗaki ɗaya da yaran da ba nasa ba, maganar da ta girgiza har masu sonsa. Aka kama shi a ƙarshen shekarar kan sabon zargi, aka yi shari'a a Kalifoniya, ranar 13 ga Yuni 2005 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga dukkan tuhume-tuhume. Bai koma zama a gidansa na Neverland ba. Ya tafi Baharen ya zauna a matsayin baƙon ɗan sarkin ƙasar.

A nan ne labarin ya biyo ta unguwarmu. Tambayi yayanka ko ƙanin babanka zamanin tura waƙa ta bulutut: akwai wata waƙar yabon Allah da Turanci da ta zagaya wayoyi da sunan Michael Jackson, ana cewa ai ga shaida ya musulunta. Waƙar ta Zain Bhikha ce, mawaƙin Musulunci ɗan Afirka ta Kudu. Wani ne kawai ya sauya sunan fayil ɗin, sauran duniya ta ɗauka. Abin da ya ba jita-jitar ƙafa shi ne yayansa Jermaine Musulmi ne tun 1989, ga zaman Baharen, ga kuma wata jaridar tsegumi ta Birtaniya, The Sun, da ta buga labarin musuluntar a Nuwamba 2008. Shi dai bai taɓa fitowa ya sanar ba. Abin da ke zuciyar bawa sai Allah, amma sunan fayil ba hujja ba ne, kuma har gobe za ka ga ana yaɗa waƙar da hotonsa a WhatsApp.

Intanet ta riƙa juya shi yadda ta ga dama, ba da izininsa ba. A 2007 fursunoni kusan 1,500 a gidan yarin Cebu na ƙasar Filifin suka yi rawar Thriller cikin kayan sarƙa ruwan lemo, aka ɗora a YouTube, miliyoyi suka kalla. Babu Sony, babu dala miliyan 30, babu ko Michael ɗin.

A Maris 2009, bashi ya yi masa katutu, ya sanar da wasannin dawowa a zauren O2 na Landan. Aka tsara 50, tikiti ya ƙare cikin ɗan lokaci. Yana cikin atisaye a Los Angeles, barci ya ƙaurace masa, likitansa Conrad Murray ya riƙa ɗura masa furofofol, maganin sa barci da ake amfani da shi a ɗakin tiyata, a cikin ɗakin kwanansa. Ranar 25 ga Yuni 2009 numfashi ya tsaya. Shekararsa 50. A 2011 kotu ta sami likitan da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa shekara huɗu.

Ba CNN ba ce ta fara ba da labarin mutuwar, ba kuma wata babbar jarida ba. Shafin tsegumi ne na intanet, TMZ. Cikin sa'o'i masu neman sunansa suka yi yawan da na'urorin Google suka ɗauka hari ake kai musu, Twitter ta riƙa sarƙewa, Wikipedia ma ta durƙusa na ɗan lokaci. Duniya ta sake tsayawa cak a kansa a lokaci guda kamar 1983, amma wannan karon a kan allon kwamfuta da waya.

Rigima ba ta bi shi kabari ta kwanta ba. A 2016 Sony ta saye rabin nan nasa na Sony/ATV daga magadansa kan dala miliyan 750, masu tsohon zargi suka ce kun gani ko, wasu suka ce ai wannan ya nuna cinikin 1985 shi ne mafi wayon abin da ya taɓa yi. A 2019 shirin Leaving Neverland ya fito, inda mutum biyu, Wade Robson da James Safechuck, suka ce ya yi lalata da su suna yara. Magadansa sun ƙaryata, wasu gidajen rediyo sun daina saka waƙoƙinsa na wani lokaci. Wannan ba zancen da za ka kashe da sitika ba ne, ko ta wane ɓangare kake.

Akwai ma waɗanda za su ce maka Invincible ba shi ne na ƙarshe ba, tunda a Disamba 2010 an fitar da wani kundi mai suna Michael daga ragowar abin da ya bari. Tun kafin ya fito masoya da wasu 'yan gidansu suka ce waƙoƙi uku a ciki ba muryarsa ba ce, wani ne ke kwaikwayo. Sony da masu kula da gadonsa suka dage cewa shi ne. Masoya suka yi shekaru suna yanka muryar gunduwa-gunduwa a kwamfuta, suna gwada ta da tsofaffin waƙoƙinsa, numfashi da numfashi, har wata daga cikinsu ta kai ƙara kotu a 2014. A Yuli 2022 aka cire waƙoƙin uku daga manhajojin sauraro, kamfanin yana cewa don a huta da surutu ne kawai, bai amsa cewa muryar ta wani ce ba.